Azurfa Ba Suna: Daga Kanton Zuwa Attantane

Hausawa na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da wuya a sami sana'ar da wannan karin magana ya hau kanta kamar ƙirar azurfa. A Attantane, da sauran ƙauyukan ƙasar Mayahi da Tasawa, har yanzu akwai tsofaffin mata masu ajiye da munduwa ko zobe ko ƴan kunne na azurfa a ƙasan kwalla. In aka tambayi mai abin, za ta faɗi wanda ya saya mata, da bikin da aka yi shi dominsa, wani lokaci har da sunan maƙerin da garinsu. Amma ranar da munduwar nan ta bar hannunta ta shiga jakar dillali, duk wannan labari ya tsaya a bakin zaure. In ta isa kanti a Yamai ko Pari, sai a liƙa mata ƴar takarda mai cewa « bijou ancien » ko « artisanat du Niger », a sa sunan kanti da kuɗin da za a biya. Mutumin da ya zauna gaban wuta ya narka, ya buga, ya zana, ba a ambatonsa ko da harafi ɗaya.

Masu shirya bukukuwan al'adu da masu rubuta jawaban buɗe su sun saba da wannan hali har sun yi masa suna mai daɗi. Suna kiransa gadon kakanni, wai aikin al'umma ne baki ɗaya, ba shi da mai shi. Wannan magana kuskure ce, kuma kuskure mai tsada. Kowace munduwa mutum ne ya ƙera ta, mai suna da uba da gari. Shafe sunansa asara ce ta tarihi kuma asara ce ta kuɗi, kuma wata ƙasa mai nisa ta riga ta ɗanɗana wannan asara ta yadda ya kamata ta zama darasi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A shekarar 1757 sarkin Sin ya taƙaita cinikin Turawa masu zuwa ta teku a tashar jirage guda, watau Kanton, birnin da fataken Kano da Maraɗi na yau suka sani da sunan Gwanzu. An keɓe wa baƙin wasu gidajen ciniki goma sha uku a bakin kogi, ba su da izinin shiga cikin birni. Sun zo neman ganyen shayi da siliki da tangaran, abin da suke biya da shi kuwa yawanci dalolin azurfa ne na Sifaniya, waɗanda aka haƙo ƙarfensu a Meziko da duwatsun Amurka ta Kudu. Azurfa ta taru a Kanton, ga kuma maƙera gwanaye masu arhar aiki. Sai matuƙan jirage da ƴan kasuwar Ingila da Amurka suka riƙa kawo butar shayi ko cokali na ƙasarsu suna cewa a yi musu irinsa. Maƙeran suka yi, suka kuma yi da kyau har mai ido ba ya bambance na Kanton da na Landan.

Abin lura shi ne hatimin da ake bugawa a jikin kayan. A Ingila doka ce tun 1300 a gwada azurfa a buga mata kan damisa, tun 1363 kuma aka wajabta wa kowane maƙeri buga nasa tambari. Kantunan Kanton suka ga masu saye sun saba da waɗannan alamu, sai suka riƙa buga makamantansu: ɗan zaki, kan damisa, kan sarki, da wasu haruffan boko. Sakamakon haka, iyalai da yawa a biranen Salem da Boston sun yi shekara fiye da ɗari suna shan shayi da butocin Sin suna zaton aikin Ingila ne. Sai a 1975, lokacin da Crosby Forbes da John Kernan da Ruth Wilkins suka fitar da littafinsu kan azurfar Sin ta tsakanin 1785 da 1885, aka fara rarrabe kayan da gaske.

Ko bayan wannan ma gyaran bai kai ƙarshe ba. Sunayen da aka tono, irin su Sunshing da Cutshing da Khecheong na Kanton, an ɗauke su da farko a matsayin sunayen maƙera. Haka ma waɗanda suka shahara bayan yarjejeniyar Nankin ta 1842, wadda ta ba Ingila tsibirin Hong Kong ta buɗe tashar Shanghai: Wang Hing a Hong Kong, Luen Wo da Tuck Chang a Shanghai. Bincike na baya ya nuna cewa akasarin waɗannan sunayen kantuna ne, gidajen sayar da kayan alatu masu karɓar oda su kai wa maƙera. A jikin tire ko kofi na Wang Hing akan ga haruffa WH, da lamba 90 mai nuna yawan azurfar da ke ciki, sannan a gefe wani ɗan ƙaramin tambari da rubutun Sin. Wannan ƙaramin shi ne na maƙerar da ta yi aikin, kuma ana samun tambari guda a kayan kantuna daban-daban. Baturen da ya saya bai iya karanta shi ba, bai kuma tambaya ba. Yaƙin Japan da ya ɓarke a 1937, da mamaye Hong Kong a 1941, suka karya wannan ciniki. A yau masu tara kayan tarihi, har da attajiran Sin ɗin kansu, suna rububin wannan azurfa a wuraren gwanjo, masana kuma na fama da ƴan tambura suna neman sanin mutanen da ke bayansu. Maƙerin Sin ya bar alama, duk da haka ya kusan ɓacewa. To, ina ga wanda bai bar komai ba?

Labarin azurfa a ƙasar Hausa ya yi kama da wannan tun daga tushe, domin nan ma kuɗi ake narkawa. Ƙasar ba ta da ramin azurfa sananne. Ƙarfen ya zo ne bisa raƙuma cikin siffar sulalla. Mafi shahara shi ne liyari, dalar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tereza, wadda ta rasu a 1780 amma aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar a jikinsa. Nauyinsa kamar giram 28 ne, kashi 833 cikin dubu azurfa. Heinrich Barth, wanda ya sauka Tasawa a watan Janairu na 1851 kan hanyarsa daga Abzin zuwa Katsina da Kano, ya ga yadda ake shan wahalar ƙirga wuri, ya kuma rubuta cewa a Kano dala guda tana daidai da wuri 2,500. Da Faransawa suka zo, sai suka kawo nasu sulen azurfa na tamma biyar, mai nauyin giram 25. Shi ya sa har yau duk ɗan Nijar in zai ce tamma biyar sai ya ce dala, ko da kuwa bai taɓa riƙe azurfa ba.

Waɗannan sulalla ne maƙeran fari na Hausa da maƙeran Buzaye suka riƙa narkawa suna fitar da mundaye da zobba da sarƙoƙi da adon linzami da na kube. Tasawa na kan hanyar ayari tsakanin Abzin da Kano, ƙasar Mayahi da kwarin Gulbin Kaba kuma wuri ne da manomi Bahaushe da makiyayi Buzu da Bafillace suke haɗuwa a kasuwa guda. Saboda haka kayan adon wannan yanki shaida ne na cuɗanyar hannu da hannu wadda littattafan makaranta ba su cika ambata ba. Akwai abin mamaki a cikin lamarin. An yarda da liyari daga Habasha har Kano saboda tambarin da ke jikinsa, mutane har suna duba ƴar ƙugiyar da ke kafaɗar sarauniya don tabbatar da bai goge ba. Mutanen da suka san darajar tambari haka, su ne kuma suka bar maƙerinsu yana narka kuɗi mai suna da shekara ya fitar da abin da ba shi da ko ɗaya daga ciki.

Wanda ke ganin suna ba ya ƙara komai, ya dubi fata. Shekaru aru-aru ana jeme fatar jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi a ƙasar Hausa, a ɗauke ta a ƙetare hamada, ta shiga Turai ta tasoshin Arewacin Afirka. Turawa suka kira ta fatar Maroko. Daga nan Faransanci ya sami « maroquin » da « maroquinerie ». Majemin Kano da makiyayin Maraɗi suka yi aikin, ƙasar da kayan suka ratsa ta ɗauki yabon, har ya shiga ƙamus inda ba mai iya fitar da shi.

A dubi kuma gidan Hermès na Pari, ɗaya daga cikin manyan kantunan alatu na duniya. Mutumin da ya kafa shi a 1837, Thierry Hermès, mai ɗinkin kayan doki ne, watau baduku. Da a Tasawa aka haife shi, da a layin dukawa zai zauna ranar kasuwa. Bambancinsa da su shi ne an rubuta sunansa a jikin aikinsa, ƴaƴa da jikoki suka riƙe sunan, har ya zama dukiyar da ta fi fatar da zaren daraja. A shekarun 1990 wannan gida ya fara sa maƙeran Buzaye na Agadas su ƙera masa kawunan ɗamara da maɓallan jaka na azurfa, da zanensu na gargajiya. Maƙeran sun sami aiki da kuɗi a lokacin da tawayen 1990 zuwa 1995 ya kori masu yawon buɗe ido, kuma ba wanda zai ce wannan ba alheri ba ne. Amma matar da ke ɗaure da ɗamarar a Tokyo ko New York, in aka tambaye ta, sunan kanti za ta faɗa. Maƙeran Abzin da yawa kan zana sunansu da haruffan tifinag a bayan kayan da suka ƙera, kamar yadda na Kanton suka buga nasu da rubutun Sin. Matsalar ɗaya ce: alamar da mai saye ba ya iya karantawa, kuma ba wani littafi da zai duba, ba ta da bambanci da ado.

Inda aka rubuta sunan kuwa, an ga amfaninsa. A 2006 gidajen tarihi biyu na jami'o'in Kalifoniya suka shirya babban baje koli kan fasahar Buzaye, ƙarƙashin Thomas Seligman da Kristyne Loughran. A cikinsa an gabatar da Saidi Oumba, maƙerin azurfa na Agadas, da matarsa Andi Ouhoulou mai aikin fata, da sunansu da tarihin gidansu. Iyalin Koumama na Agadas ma sun mayar da sunan gidansu alamar ciniki a kasuwannin Amurka. Waɗannan misalai na Abzin ne, inda baƙi ke zuwa da na'urar ɗaukar hoto. Maƙerin ƙauyen Mayahi, wanda bai taɓa sayar wa Bature komai ba, wanda abokan cinikinsa iyayen amare ne, babu wani baƙo da zai zo ya rubuta shi. In mutanen ƙasarsa ba su yi ba, shi ke nan.

Masu kare halin da ake ciki suna da hujjoji uku, kuma ya dace a saurare su.

Ta farko ita ce sa hannu a kan aiki ɗabi'ar Nasara ce, Bahaushe mai kunya ne, ba ya buga ƙirji. Wannan hujja ba ta san Bahaushe ba. Al'ummar da ta ƙirƙiro kirari ba za a ce ba ta son ambaton suna ba. Ba wanda ke cewa waƙar gargajiya in Shata ko Narambaɗa yake nufi. Sunansu ake kira. Yaro a Maraɗi ya san Kantu ne ya fara ɗaukar takobin kokawa a Tawa a 1975. Malamin da ya kwafi littafi da tawada yakan rufe da sunansa da na mahaifinsa, ya roƙi mai karatu addu'a. A fagen gini, Zazzau ba ta manta Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'arta a ƙarni na 19 ba, kuma Falke Barmu, maginin masallacin Yama na jihar Tawa, sunansa ya kai duniya lokacin da ginin ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Makiyayi ma yana yi wa raƙuminsa lamba da wuta. Ashe ba kunya ce ta hana a ambaci maƙeri ba. Raini ne. An saba ganinsa mutumin toka da gawayi, wanda wasu gidaje ba sa ba shi aure, saboda haka aka ga aikinsa ya isa a sa a wuya amma sunansa bai isa a sa a takarda ba.

Ta biyu ita ce in ba don dillali da mai kanti ba, maƙeri ba zai ci abinci ba. Gaskiya ne. Wang Hing ne ya san abin da Bature ke so, shi ya ba da jari, shi ya ɗauki asara in kaya suka ƙi tafiya, haka kuma mai shago a ƙauyen masu sana'a na Wadata a Yamai yake yi a yau. Ba wanda ya ce a goge sunan mai kanti. Bayan cokali yana da faɗin da zai ɗauki tambari biyu. A Faransa doka ta wajabta tambarin mai ƙira tun 1797, a 1838 kuma aka ƙara kan Minerve mai tabbatar da ingancin azurfa, kuma wannan bai hana kantunan Pari yin arziki ba. Mai kantin da ke ɓoye sunan maƙeri yana yin haka ne don kada mai saye ya san hanyar maƙera, kuma don ya iya musanya gwani da wanda bai kai shi ba ba tare da an gane ba. Wannan dabarar ciniki ce, kowa na da ikon yinta, amma kada a sa mata rigar al'ada.

Ta uku ita ce mafi nauyi: mutanen da ke fama da fari da tsadar hatsi ina ruwansu da tambarin munduwa? Amsar tana cikin tarihin yunwar kanta. A farin 1973 da 1974, da yunwar El-Buhari ta 1984 da 1985, da ta 2005 wadda ta fi tsanani a jihar Maraɗi bayan ƙarancin ruwa da farin ɗango na 2004, iyalai sun sayar da awaki, sannan kayan ɗaki, sannan adon mata. Azurfa ita ce asusun mace, abin da take cirewa in komai ya ƙare. Kuma a irin wannan rana a kan sikeli ake sayenta, giram da giram, kamar tsohon ƙarfe. Mai saye ya kai ta a narka, ko ya kai ta inda ake biyan tsufa da kyan aiki ninkin ba ninkin. Abin da ke raba farashin sikeli da farashin gwanjo shi ne sani: wa ya ƙera, yaushe, a ina. Tsohuwar Attantane ita ce ke da wannan sani, amma da yake ba a rubuce yake ba, kyauta take ba da shi ko kuma ya tafi tare da ita. Saboda haka maganar suna maganar tuwo ce.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yana da sauƙi a ɗora laifi kan kantunan Turai, ko kan sarƙoƙin ruwan gwal da ake jibgowa daga Gwanzu da Dubai waɗanda suka cika lefen amare suka kori azurfa daga wuyan ƴan mata. Amma ba Bature ne ke shirya makon al'adu a makarantun Mayahi ba. Can ne ake shimfiɗa tabarma a jera kayan da aka aro daga gidaje, a rubuta a allo cewa kayan adon mutanen da, a kira manyan baƙi su duba, a tafa, a mayar. Ba a tambayi mai kayan komai ba, ba a kuma gayyaci Sarkin Maƙera ya zauna cikin manyan baƙin ba. Ɗan boko da ya haddace sunayen masu zanen Italiya na ƙarni na 16 bai san sunan mutumin da ya ƙera zoben da ke hannun uwarsa ba, kuma ba ya jin wannan gibi ne a iliminsa. Gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, wanda aka buɗe a 1959, ya yi abin yabo da ya ba masu sana'a wurin aiki a cikin harabarsa, amma gidan tarihi guda a babban birni ba zai san abin da ke cikin kwallar kowace tsohuwa ba.

Maƙera su ma suna da nasu kaso. Wasu sun riƙa gauraya azurfa da farin ƙarfe mai arha su sayar da sunan tsantsa, har mai saye ya daina yarda da kowa. Inda ba tambari, mai gaskiya da mai ha'inci farashinsu ɗaya, kuma mai gaskiya ne ke asara. Tambari kariya ce ga gwani kafin ta zama kariya ga mai saye, domin wanda ya buga sunansa ya ɗaure kansa da abin da ya ƙera.

Aikin da ke gaban malamai da ƙungiyoyin al'adu ba ya bukatar tallafin waje. Yana bukatar littafi da alƙalami da wayar da ke ɗaukar hoto. Malamin aji biyar ko shida a Attantane zai iya tura ɗalibansa gida da tambayoyi kaɗan: wane tsohon abin azurfa ke gidan, yaya ake kiransa, wa ya ƙera, ɗan wane ne, a wane gari, dala nawa aka narka, kuma a wace shekara, ko da ta hanyar ambaton sarkin da ke mulki ko yunwar da aka yi. Kada a ɗauke kayan daga hannun masu su, kada kuma a bayyana gidan da suke, don kada rubutu ya zama jagoran ɓarawo. Hoto da nauyi da labari sun isa. Tun da dokar sake gina ƙasa ta watan Maris 2025 ta mayar da Hausa harshen ƙasa, babu sauran uzurin cewa irin wannan rubutu sai da Faransanci. A rubuta da Hausa, da kalmomin da maƙera suke amfani da su, domin sunayen kayan aiki da na zane su ma suna mutuwa tare da masu su.

Ƙungiyoyin al'adu kuma su zauna da Sarkin Maƙera na kowane gari su tsara salsalar gidajen ƙira: wa ya koya wurin wa, daga ina kakansu ya zo, wane gida ya yi suna da mundaye, wane da kayan doki. A ajiye kwafi a ofishin magajin gari, a aika wani jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi da cibiyar CELHTO ta Yamai, waɗanda aikinsu ne adana irin wannan. Ga maƙeran da ke aiki yau, kowa ya sassaƙa ɗan tambarinsa, da boko ko ajami ko tifinag, ya buga a bayan duk abin da ya fita daga hannunsa, tare da lambar da ke faɗin gaskiyar azurfar da ke ciki. Sannan a rubuta kowane tambari da sunan mai shi a littafin da kowa zai iya dubawa, domin wannan littafin ne maƙeran Kanton suka rasa. Nijar ta riga ta nuna ta san hanyar kare suna lokacin da ta yi wa kilishi da albasar Galmi rajista a hukumar OAPI. In nama da albasa sun cancanci a san asalinsu, hannun mutum ya fi cancanta.

Lokaci ne kawai ba ya jira. Matan da aka yi wa aure da mundayen liyari da dala kafin samun ƴancin kai na 1960 sun haura shekara tamanin, kuma kowace damina tana rage yawansu. Masana azurfar Sin sun fara aikinsu ne bayan akasarin masu ba da amsa sun mutu, shi ya sa suke zaune da gilashin ƙara girma suna tambayar ƙarfe abin da ba zai iya faɗa ba. A ƙasar Mayahi da Tasawa masu amsar suna nan da ransu, a zaune a tsakar gida, kuma jikokinsu ne ke cike da azuzuwa. Malamin da ya bari wannan shekarar karatu ta wuce bai aika ɗalibi ko ɗaya ya tambayi kakarsa ba, kada gobe ya tsaya a taron al'adu yana kukan cewa baƙi sun kwashe gado.